Daga Birnin Kudu zuwa Gwaram: Kowace Ƙwaryar Nono da Asalinta

Uwargida, idan aka miƙo miki kofin fura da nono, me kike fara tambaya? Yawancinmu tambayar ɗaya ce: da sanyi? Wata ta ƙara da cewa a zuba sukari. Daga nan sai kurɓa. Ba ma tambayar wace saniya ce ta ba da shi, me ta ci a makon, yaushe aka tatsa, an dafa ko ba a dafa ba. Alhali abin nan cikin 'ya'yanmu yake shiga, wani lokacin ma kullum. Yau so nake ki yafa mayafinki mu bi hanyar kudancin Jigawa, ƙasar duwatsu da shanu, inda waɗannan tambayoyi suke da amsa.

Kafin mu hau mota, bari mu leƙa Italiya na ɗan lokaci. Mutanen can suna noman inabi, suna yin giya da shi. Giya kam ba abin shanmu ba ce, addini ya rufe wannan ƙofa, ba kuma ita nake tallata miki ba. Ɗabi'arsu ta sanin asalin abu nake so ki gani. A wurinsu sau da yawa kwalba tana ɗauke da sunan gonar da ta fito, da irin inabin, da shekarar da aka tsinke shi. Wadda suke kira Chianti daga yankin Toskana take, da inabin Sangiovese ake yinta. Barolo daga Piyemonte take, inabinta Nebbiolo. Tun 1963 suka kafa dokar da ta hana wani ya ari sunan yankin da ba nasa ba. Suna kuma da ƙa'idar abin da ke tafiya da wane: ja da jan nama, fara da kifi. Haka suke yi wa cukunsu, wanda ya fi kusa da zancenmu. Cukun Parmigiano Reggiano ba ya amsa sunansa sai madarar ta fito daga lardunan da aka iyakance, irin su Parma da Modena, sai kuma ya yi aƙalla wata 12 a ajiye. Akwai ma wasu jajayen shanu na yankin da saura kaɗan su ƙare, saboda manoma sun koma wa masu yawan madara. Da aka fara rubuta sunansu a jikin cukun, aka sa masa kuɗi na musamman, sai garkensu ya farfaɗo.

To mu ma muna da abin sha mai iri, mai yanayi, mai abokin tafiya. Takarda ce kawai ba mu manna masa ba.

Daga Kano, hanyar ta Wudil za ki bi. In Juma'a ce, tun daga gadar za ki san ranar kasuwar shanu ce, don manyan motoci da 'yan kamasho sun cika gari. Bayan Wudil sai ki bar titin da ya yi Gaya, ki ɗauki na Takai. Ki wuce Kwanar Huguma, inda hanyar Dutse ta ɓalle, sai ƙasa ta fara canza kama. Shimfiɗaɗɗun gonaki su fara ba da wuri ga duwatsu, manya-manya, sumul, wasu a ɗore kan wasu kamar an jera tukwane a ɗakin amarya. Ruwan sama ya fi sauka a nan fiye da arewacin jihar, wajen Gumel da Maigatari, shi ya sa itatuwa suka fi yawa, ciyawa ta fi daɗewa. Cikin kimanin awa 2 kin iso Birnin Kudu.

Mutane da dama sun san garin ne da abu biyu: babban asibitin tarayya da ake kawo marasa lafiya daga nesa, da tsohuwar kwalejin gwamnati wadda Alhaji Aliko Ɗangote ya gama a 1978. Garin yana cikin masarautar Dutse, kuma a ƙarƙashin Kano yake har ranar 27 ga Agusta 1991 da aka ƙirƙiri Jigawa. Amma abin da ya kawo mu ya girmi duk waɗannan.

A gefen gari akwai Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu. A ƙarƙashin inuwar wasu duwatsun, inda ruwan sama bai cika bugu ba, akwai zane-zanen da mutanen da suka yi, da jan launi da fari. A shekarun 1950 wani Baturen Ingila mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya yi rubutu a kansu, daga baya gwamnati ta sa su cikin kayan tarihin ƙasa. Hukumar gidajen tarihi tana da ma'aikata a garin, su ne za su kai ki, kuma gara ki neme su don wuraren ba su da sauƙin ganewa ga baƙo. A nan ne kuma ake da duwatsun da in an buga su da ƙaramin dutse suke ƙara kamar kuge. Wurin da ake bugun har ya lotsa ya yi santsi, saboda yawan hannayen da suka wuce ta kansa. Fagg ya rubuta cewa a zamaninsa amare da ƙawayensu kan je wurin lokacin biki. Ki ba yara dama su buga, za su daɗe suna ba da labari.

Me aka zana? Shanu. Wanda ya hau dutsen nan ya haɗa launi, bai zana sarki ba, bai zana yaƙi ba, abin da ya fi zanawa saniya ce. Ki matsa kusa ki duba bayansu: ba su da tozo. Wasu dogayen ƙaho, wasu gajeru, amma gadon bayan a miƙe yake. Shanun da muka sani yau a ƙasar Hausa duk masu tozo ne. Marasa tozo sai irin su muturu, ƙananan nan na kudu, da kuri na tafkin Chadi masu kumburarren ƙaho. Ke nan kafin shanun da kike gani a bakin titi su iso, an yi wasu a wannan ƙasa, an tatse su, an so su har an bar hotonsu a dutse. Irin ya canza, sana'ar tana nan.

Ki sauko daga dutsen ki dubi garken farko da zai gitta miki. Fararen nan masu baƙin kunne da baƙin hanci, masu ƙaho a buɗe yana kallon sama, su ne bunaji, wasu su ce yakanaji. Su suka fi yawa a Nijeriya baki ɗaya, su ne kuma uwayen nonon wannan yanki. Jajayen nan dogaye masu manyan ƙahoni, waɗanda ba sa son baƙo ya matso, rahaji ne, shanun masu doguwar tafiya. Jefi-jefi za ki ga bokoloji, na ƙasar Sakkwato, masu guntun ƙaho da fatar wuya mai reto, masu sanyin hali. Saniyar bunaji a ruga, bayan ɗan maraƙi ya sha rabonsa, abin da take bari a ƙwarya bai cika wuce lita 1 zuwa 2 a rana ba. Saniyar Turai mai baƙi da fari tana iya ba da lita 25 ko fiye. Sai dai ita ba za ta iya takawa daga nan zuwa mashaya a watan Afrilu ba, kuma madarar tamu ta fi tata maiƙo. Kaɗan ce, amma mai nauyi.

Kada in yi miki ƙarin gishiri: ba kowane harshe ne zai bambance nonon bunaji da na rahaji ba, balle ma a ƙwarya ɗaya ake haɗa tatsar garke. Abin da ya fi fitowa a baki shi ne abin da saniyar ta ci, da watan da ake ciki, da hannun matar da ta sarrafa.

Aikin da asuba yake farawa. Shanunmu ba sa sakin nono sai sun ga ɗansu, don haka sai an saki maraƙi ya fara tsotsa, sannan a janye shi a ɗaure kusa da uwar, a tatsa. Abin da ya fito shi ne madara. Daga nan ya koma hannun mata. Za a tace, mai kula ta ɗora a wuta ta tafasa, ta bar shi ya huce, ta zuba ɗan ragowar nonon jiya a ciki a matsayin iri, ta rufe da faifai. Kafin gari ya waye ya kama. Wannan da ya kwana da duk maiƙonsa, ba a cire masa komai ba, shi ne kindirmo. In kin sa ludayi yankuwa yake yi, ya bar gurbi. Idan kuwa aka zuba a gora aka yi ta kaɗawa har mai ya taru ya rabu, an samu abu biyu: man shanu, wanda ake curawa a jefa cikin ƙwarya yana yawo, da tsala, wato nonon da aka cire wa mai, mai ruwa-ruwa da ɗan tsami. Tsala ba ha'inci ba ce, kowa ya san da ita, kuɗinta ne dai bai kai na kindirmo ba. Ha'incin shi ne a sayar miki da ita da sunan kindirmo.

Ita ma ƙwaryar tana da nata aiki. Wadda aka daɗe ana zuba nono a cikinta tana riƙe da ƙwayoyin da ke sa shi kamawa, shi ya sa nonon kowane gida yake da ɗanɗanonsa, kamar yadda daddawar kowace tsohuwa take da nata ƙamshi. Mai tsafta tana wanke ta, ta kife ta a rana kullum. Yanzu robar fenti da bokitin roba sun shigo, sun fi sauƙin ɗauka a kan babur. Ni dai ban taɓa jin nonon roba ya kamo na ƙwarya ba, amma wannan ra'ayina ne, wata za ta ce tsufa ne ke damuna.

Sai yanayi, wanda shi ne ya yi daidai da shekarar da Italiyawa ke rubutawa a kwalba. Da damina ciyawa ɗanya ce, nono ya yi yawa ya yi araha, man shanu ya yi rawaya saboda koren da shanu ke ci, amma madarar ta fi ruwa. Da kaka, bayan an kawar da amfanin gona, shanu su shiga karan dawa da na gero, su samu harawar wake da ganyen gyaɗa. Yawan ya ragu, kauri ya ƙaru. Sanyin hunturu kuma yana sa nono ya kama a hankali, tsaminsa ya zo da sauƙi. In kin tambaye ni, kindirmon Nuwamba zuwa Disamba shi ne sarki, kuma lokacin ne ya fi daɗin hawan duwatsun. Da bazara labari ya sha bamban. Ciyawa ta ƙare, manyan garkuna sun yi kudu neman kiwo, an bar 'yan tsiraru a gida, zafi yana tsamar da nono kafin azahar. Ki riƙe wannan a ranki: idan kin ga nono fari tas, mai kauri, mai yawa, mai araha a watan Afrilu, akwai tambaya.

Yanzu a zo ga abokin tafiya. Babban aminin nono fura ce, amma furar ma iri-iri ce. Ta gero ita ce uwa: a surfa, a wanke, a daka da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, a cura, a jefa a tafasasshen ruwa, a kwashe a kirɓa a turmi tun da zafinta, a sake curawa a birkiɗa a gari. Furar da ta sha kirɓi tana da danƙo, tana narkewa a ƙarƙashin ludayi ba tare da gudaji ba. Wannan ita ke son kindirmo, don maiƙonsa yana kwantar da zafin citta, yajin kuma yana hana maiƙon ginsar mutum. Maiwa, wadda ke daɗewa a gona har bayan gero, ita ma ana fura da ita, haka dawa a gidajen da gero ya yanke. Furar dawa ta fi nauyi, ba ta kai ta gero ƙamshi ba, kuma a ganina tsala mai ɗan tsami ta fi tashe ta. Da tsakar rana a bazara, in mutum ya dawo daga gona ko kasuwa, kindirmo mai kauri nauyi yake yi masa. Abin da jiki ke nema shi ne tsala da fura kaɗan da ruwan randa, a dama ta yi ruwa-ruwa.

Akwai dambun gero da nono, wanda yara suka fi so saboda yana da abin taunawa. Akwai gumba. Akwai tuwon jiya da aka farfasa cikin nono da safe, abincin ruga ne, kuma duk wadda ta raina shi ba ta ci ba ne. Shi kuwa man shanu, wurinsa na kan tuwon dawa da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa. Cokali ɗaya ya isa ya canza kwanon gaba ɗaya. Ki gwada shi a kan dambun shinkafa da zogale, ko ɗan wake a madadin man gyaɗa. Inda ban ga amfaninsa ba shi ne miyar da ta riga ta sha manja, mai biyu faɗa suke yi.

Wata shawara: ludayin farko ki sha shi babu sukari. Sukari mayafi ne, yana rufe kyau yana rufe aibi. Shagunan birni da ke markaɗa fura a na'ura da yogot da kwakwa da dabino ba laifi suka yi ba, abin sha ne mai daɗi, amma wani abu ne daban. Yaron da bai san komai ba sai shi, ranar da aka ba shi na ruga zai ce ya lalace.

Mu ci gaba da tafiya. Bayan Birnin Kudu za ki iso Babaldu, inda hanya ta rabu: ɗaya ta yi Ningi da Bauchi, ɗaya ta yi Gwaram. Ta Gwaram za mu bi. A ƙasar Gwaram ne garin Sara yake, mai babbar kasuwar mako, ta hatsi da dabbobi, wadda fatake ke zuwa daga jihohin maƙwabta. Ranar kasuwa tun hantsi za ki ga matan Fulani a layi a gefen hanya, ƙwarya kan ƙwarya a bisa gammo, an rufe da faifai mai ado, ba mai riƙewa da hannu. Wasu sun yi tafiyar awa biyu a ƙasa kafin su iso. A kasuwa irin wannan komai na kwanon furarki yana wuri ɗaya: geron a buhu, citta da kanumfari a faranti, saniyar a kara, nonon a inuwar bishiya. Gaba kuma ga Gwaram kanta, Tsohuwa da Sabuwa, da kogin da ya sauko daga duwatsun Jos ya ratsa ƙasar ya nufi Jama'are. Da rani, in ruwa ya ja baya, fadamarsa ce ke riƙe da masu lambu da masu shanu a lokaci guda. Daga nan sai Basirka, sai iyakar Bauchi.

A bakin fadamar nan ne za ki fahimci abin da ya sa nono yake tsada. Mai lambu yana son ƙasar da ke da laima, mai shanu yana son hanyar zuwa ruwa. Tun 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya, akwai kuma burtalin da kakanni suka bari tsakanin gonaki. Jama'a ta ƙaru, gonaki sun ci burtali a wurare da yawa, shanu su ma sun shiga gonar da ba a girbe ba. Kowane ɓangare yana da abin faɗa, kuma in rikici ya tashi, mata da yara ne ke fara kwana a waje. Duk burtalin da ya toshe, wani garke ne zai yi nisa da gari, wata ƙwarya ce ba za ta iso kasuwa ba.

Gurbin da ta bari, garin madara ne ke cike shi. Jami'an gwamnati sun sha faɗin cewa Nijeriya tana kashe kimanin dala biliyan 1.5 a shekara wajen shigo da madara da dangoginta, kuma yana cikin dalilan da suka sa aka kafa ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya a 2024. Mai arahar da ake aunawa a kasuwa, da yawansa an cire masa man shanunsa tun a can, an maye da man itatuwa, galibi na kwakwar manja. Ki karanta jikin buhu ko gwangwani za ki gani. Ba guba ba ne, amma ba shi ne abin da saniya ta bayar ba. Yau har a ƙauye akwai mai kwaɓa garin nan ta sa masa iri ya kwana, ta zuba a ƙwarya ta rufe da faifai.

To yaya za ki gane? Da farko ki yi gaisuwa, kada ki tsaya a kanta kamar mai karɓar haraji. “Sannu Inna, ya hanya? Ya garke?” In yarinya ce ki ce 'yata, in tsararki ce ki ce Adda. Sannan ki tambaya kai tsaye: na yau ne ko na jiya? Kindirmo ne ko tsala? An dafa? Yawancinsu za su gaya miki gaskiya, musamman in sun ga alamar za ki dawo. Ki karɓi ɗanɗano a ludayi. Kindirmon gaske yana da ƙamshin saniya da ɗan hayaƙi, yana barin maiƙo a leɓe, in ya jima kuma ɗan ruwa mai rawaya yana tasowa a gefensa. Wanda aka ƙara wa garin kuka, kamar yadda ake yi da rani, launinsa ya ɗan dushe, tsaminsa na 'ya'yan itace ne, kuma za ki ji gari-gari a harshe. Kuka abinci ce, matsalar ita ce ruwan da aka dama ta da shi, da kuɗin nono da kika biya. Wanda aka yi wa kauri da sitaci yana da yauƙi da santsi kamar kamu. In kina shakka, ki ɗebi cokali ɗaya a gida ki ɗiga masa aidin ɗin da ake sa wa ciwo. In ya koma shuɗi mai duhu akwai sitaci. Ki zubar da wannan cokalin, ba a sha.

Tambayar dafawa ita ce babba, don ita ce ta shafi lafiyar gidanki. Akwai cutar da makiyaya ke kira bakkale, wadda ke sa shanu ɓari. Tana shiga mutum ta ɗanyar madara, ta zo da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare, da ciwon gaɓoɓi da kasala. Sau da yawa sai a yi ta shan maganin maleriya da na taifod ba sauƙi. Akwai kuma tarin fuka na shanu, wanda shi ma ta madara yake kama yara, wani lokacin ya fito da kumburi a wuya. Tsamin nono yana rage wasu ƙwayoyin cuta, amma ba a dogara da shi. Tafasawa ce ke kashe su. Idan zazzaɓi ya ƙi jin magani a gidanki kuma kuna shan nonon ruga, ki faɗa wa likita wannan da bakinki, don ba lallai ya tambaya ba. Mai ciki kuwa kada ta kusanci wanda ba a dafa ba.

Abu ɗaya da wuta ba ta gyarawa shi ne ragowar allurar da aka yi wa saniya. Ƙa'ida ita ce a daina sayar da madararta na wasu kwanaki bayan magani. In kin sayi madara kin tafasa kin sa iri mai kyau, ta kwana ta ƙi kamawa, wannan na cikin abubuwan da ake zargi.

Game da jarirai, maganar ba ta da kwana: wata 6 na farko nonon uwa kaɗai, ko ruwa ba a ƙarawa. Na san akwai kakar da za ta ce a lasa masa man shanu ko a ɗura masa madara don ya yi ƙiba. Ki ba ta haƙuri cikin ladabi, ki ce Hajiya a bari ya ƙara kwana biyu. Bayan wata 6 za ki iya sa masa ɗan kindirmon da aka yi da dafaffiyar madara a cikin kununsa, nono na uwa kuma ya ci gaba. Zumar da wasu ke zubawa a fura, ba a ba yaron da bai cika shekara 1 ba. Furar manya mai barkono ma ba tasa ba ce, ki cire masa nasa garin kafin ki sa yaji.

Hanya mafi sauƙi ga wadda ke zaune a birni ita ce ta rage dogaro da sa'a. Ki samu mace ɗaya da kika yarda da ita, ki riƙe ta, ki san sunan rugarsu. Ko ki sayi madarar safe ki tafasa da kanki, ki bar ta ta huce har ki iya sa ɗan yatsa ki ƙirga goma ba ta ƙone ki ba, ki zuba cokali biyu na kindirmo mai kyau, ki rufe ki ajiye inda ba iska. Gobe kin zama mai nono.

Ki kuma san inda kuɗinki ke zuwa. A al'adar ruga shanu na iya zama na maigida, amma nono na mace ne. Da kuɗinsa take sayen gishiri da sabulu da maganin yara, da shi take tara wa 'yarta kayan ɗaki. Ana ta maganar kafa cibiyoyin tattara madara don kamfanoni, abu ne mai kyau in zai kawo firiji da ruwa mai tsafta da likitan dabbobi. Abin da nake sa wa ido shi ne hannun da za a danƙa wa kuɗin. In aka rubuta sunan maigida a takarda aka tura masa ta waya, an ɗauke wa matar abin da ya kasance nata tun kaka da kakanni, ba tare da kowa ya yi niyya ba. Saboda haka idan kin tsaya a gaban ƙwarya a Sara ko Babaldu, ki yi ciniki, hakkinki ne, amma kada ki matse ta a kan naira hamsin alhali kin san abin da kike biya wa robar yogot a kanti ba tare da kin ce uffan ba.

In za ki yi tsaraba, ki je da kula da ƙanƙara da robobinki masu murfi waɗanda kika wanke da ruwan zafi. Ki saya kafin azahar. Kada ki yarda a dama miki furar da za ta yi tafiya, ki karɓi curinta daban, nono daban, don in sun haɗu tsami yake gudu. Kada ki cika roba har baki, nono yana numfashi a hanya, kuma ramukan titi za su kaɗa miki shi. Man shanun kuwa, da kin isa gida ki wanke shi da ruwa mai sanyi, ki ɗora a wuta marar ƙarfi da yankakkiyar albasa. Zai yi ta kumfa yana ƙara. In ƙarar ta tsaya, albasar ta yi ja, ruwansa ya ƙone ke nan. Ki tace a kwalba busasshiya ki rufe. Zai yi watanni ba tare da firiji ba, in dai ba a sa masa jiƙaƙƙen cokali ba.